Muryar Gwaggo da Gonakin Kwari

Mahaifina yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƴan asalin garinmu, tun ina yaro ban shiga lakol ba, wato makarantar boko. Garin namu ƙauye ne a ƙasar Gangara, ba kasuwa, ba gidan likita, sai masallaci da rijiya da rumbuna. Da an gama ɗaure hatsi maza ke watsewa ci-rani, wasu Ikko, wasu Abijan, daga baya aka koma Libiya da Aljeriya. Mafi yawa sukan dawo da ruwan farko. Wasu kuwa sai su zauna can, su yi aure, su haifi ƴaƴan da ba su taɓa shan ruwan rijiyarmu ba. Saboda irin waɗannan aka yi ƙungiyar. In ɗan garinmu ya sauka a tashar da bai san kowa ba, akwai wanda zai je ya ɗauko shi, ya ba shi tabarma da tuwo har ya sami abin yi. In wani ya rasu a can, ƴan ƙungiya ke yi masa sutura, su ƙulle kayansa, su tashi mutum takanas ya kawo su gida ya faɗa wa iyalinsa baki da baki. Kowace shekara bayan kaka kuma a taru a ƙofar mai gari, a yanka rago, a ji wa ya haihu, wa ya ɓace.

Ni aikin koyarwa na yi, aka yi ta yawo da ni daga wannan lakol zuwa waccan, Agiye, Gazawa, har can wajen Cadakori inda wani reshe na danginmu yake zaune. Da na aje aiki na dawo gida, sai dattawa suka ce tunda ni ne mushe, malamin lakol, ni zan riƙe wa ƙungiya alƙalami. Ban sami abin rubutawa da yawa ba. Waɗanda suka kafa ta duk sun kwanta dama. Taron shekara ya koma tsofaffi a kan tabarma guda, ba rago, sai goro. Kowa ya sami wayar salula a aljihu, labarin mutuwa kan iso kafin a gama wanke gawa, ba wanda ke bukatar manzo. Muna dai ci gaba da kiran abin ƙungiya don kunyar iyayenmu.

Ana nan sai ɗan ƙanwata ya kira ni daga Turai, inda ya yi karatu ya kuma sami aiki. A Yamai aka haife shi, garinmu bai san shi ba sai ƴan zuwan da ya yi yana ƙarami. Ya ce mini an yi wani biki a garin da yake, ya ga waɗansu Turawa jikokin mutanen Sikotlan, maza da zane ɗaure a ƙugu, kowane gida da irin saƙarsa. Kakanninsu sun bar ƙasarsu da daɗewa, sun watsu Kanada da wasu wurare, amma suna da ƙungiya, suna da shafi a intanet, kowa na iya shiga ya ga daga wane tudu kakansa ya fito. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi, kai fa, su wa ne mutanenka?

"Kawu, ban san abin da zan ce masa ba," in ji shi. "Sunan garin kawai na sani. Mama ta ce akwai ƙungiya, kuma kai ke riƙe da ita. Ka ba ni izini in tashe ta."

Na ce masa abin da ya saura bai kai a nemi izini a kansa ba, ya yi abin da zai iya.

Ya buɗe mana zaure a waya, ya yi ta neman lambobin mutane yana sakawa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin watannin farko yadda ban ji daɗin wani abu ba tun da na bar aji. A garinmu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai an hau tudun bayan lakol, to kullum da hantsi nakan hau in tsaya kamar mai jiran baƙo, saƙonni na shigowa. Na ji muryar abokin wasana da muka yi kiwon awaki tare, wanda muka daɗe da ɗauka ya mutu, ashe yana Sudan da jikoki. Ƴan Cadakori suka shigo. Wata mata a Abijan, ɗiyar wani da mahaifina ya yi wa sutura, ta turo gaisuwa da Hausar da ta karye, tana tambaya ko akwai sauran wanda ya san babanta. Akwai. Na je na same shi a gona, na riƙe masa wayar ya yi mata magana, muka tsaya mu biyu cikin kara muna share ido.

Rigima ta fara ne da aka zo maganar shafi. Ɗan ƙanwata ya ce zauren waya namu ne mu kaɗai, amma shafi duniya ce za ta gani, don haka ana bukatar tambari da kuma bayanin ko mu su wa ne.

Maƙwabtanmu suna ce mana Buzaye. Kakanninmu daga arewa suka gangaro, can suna tare da masu raƙuma, suna yi musu kiwo. Iyakar abin da ake faɗa wa yaro ke nan a garinmu. Sauran kowa ya sani, ba mai faɗa: bayinsu ne. Yau ba wanda ke jin wani harshe a cikinmu sai Hausa, in ka cire ƴan kalmomin da tsofaffin mata ke kiran awaki da su. Mun yi noma, mun yi karatu, mun yi auratayya da garuruwan kewaye, mun bar maganar ta kwanta.

Wani ɗan kasuwa daga cikinmu da ke Libiya shi ya fara turo nasa bayanin. Ya ce mu jikokin wani yarima ne na Abzin da ya ɓata da wansa kan sarauta ya yi hijira, don haka a sa raƙumi da takobi a tambari. Ƴan Yamai da yawa suka bi shi, wasu har suka canza hotunansu suka naɗa rawani. Ƴan Cadakori suka ce su ba su taɓa hawan raƙumi ba, a sa zangarniyar hatsi. Ɗan ƙanwata ya kira ni shi kaɗai.

"Kawu, na karanta abin da aka rubuta a kan irinmu. Babu wani yarima, ko?"

Na ce babu.

"To ni ba zan gina wa ƴaƴana gida a kan ƙarya ba. Wa ya saura da ya ji labarin daga bakin waɗanda suka zo?"

Mutum ɗaya ce ta saura, Gwaggo, yayar mahaifina. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni, amma hankalinta garau, bakinta kuma ya fi na kowa kaifi. Ɗakinta ba ya rabuwa da mutane, mata su kawo jarirai ta tofa musu addu'a, mu manya mu zo ta tuna mana wa ya haifi wa.

Bayan kaka ɗan ƙanwata ya zo. Na tarye shi a tashar Gazawa, muka hau kabu-kabu zuwa gida. Washegari da hantsi na kai shi wurin Gwaggo, muka same ta a inuwar zana tana ɓarar gujiya da hannu, ba ta ko duban kwandon. Tunda jika ne, sai wasa ya tashi.

"Wanga shi ne maigidan nawa da ya gudu ya bar ni ba cefane?" in ji ta. "Matso in taɓa ka. Kai, Turawa ba su ba ka tuwo?"

"Ai ke na bar wa cikina, amarya," in ji shi. "Na zo biko."

Ta yi dariya har ta tari. Ya ajiye mata turmin atamfa da sukari, ya kafa wayarsa a kan wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku, ya ce yana son ta ba shi labarin babanta. Na zaci za ta kauce kamar yadda ake yi. Sai ta ture kwandon gefe, ta fara.

Ta ce babanta saurayi ne a shekarar da ruwa ya ƙi zuwa arewa. Raƙuman iyayengijinsu suka yi ta faɗuwa. Wata safiya suka tashi suka tarar iyayengijin sun kwashe abin da ya saura sun yi gaba, sun bar su a bakin rijiyar da ta ƙafe. Ba wanda ya ƴanta su, in ji ta, yar da su aka yi. Suka biyo kudu da ƙafa, suna cin ganye, suna binne na binnewa a hanya. Ta faɗi sunayen waɗanda aka binne, ɗaya bayan ɗaya, sunayen da ban taɓa ji ba, har da ƙanwar babanta da aka rufe da ƙaya don kada kuraye su tone. Ta faɗi kalmar bayi sau da yawa, ba ta rage murya ba.

"Har suka iso garin nan na gabas da mu," in ji ta. "Mai garinsu na lokacin mutumin kirki ne, Allah shi jiƙan shi. Ya sa aka dama musu fura. Da suka yi ƙarfi ya kai su kwari, lokacin daji ne, ba ka ganin rana. Ya ce ga shi nan aro, ku sare ku ci. Duk kaka baba shina ɗaukar dami guda a kai, shi kai ƙofar gidanshi. Ni ma na taɓa bin shi, ina ƴar mitsitsiya, matar mai garin ta ba ni dabino, na ɓoye a baki har gida don kada a raba da ni."

Ta sake yin dariya. Jikan ya tambaye ta yaushe aka daina kai damin.

"Tsohon ya rasu, baba ya rasu. Ba wanda ya zo tambaya, ba wanda ya ɗauka ya kai. Shi ke nan."

Da ta gama sai ta nuna wajen wayar ta ce, "Wai mi wanga abu ke yi?"

Ya ce don jikokinta na nesa su ji muryarta ne.

"To ka gaya musu su zo su sha fura tun ina da hannun damawa."

Ranar da zai koma, muna jiran mota ta cika, na tambaye shi ko duka zai saka. Abin da ke raina kalmar nan ce ta bayi. Ina tunanin ƴaƴanmu mata da ke aure a wasu garuruwa, da limaminmu da ke jan mutanen wasu garuruwa salla ranar kasuwar Gangara.

"Kawu, in na yanke, me ya raba ni da mai labarin yarima?" in ji shi. "Waɗanda suka yar da mutane a bakin rijiya su ya kamata su ji kunya. Mu mun yi tafiya da ƙafa mun rayu."

Har cikin zuciyata na ga gaskiyarsa. Maganar dami kuwa, daga ni har shi ba wanda ya kawo ta a ransa. Na ji ta kamar yadda na ji maganar dabino.

Ya saka bidiyon duka a shafi, da fassarar Faransanci a ƙasa. Tambarin ma daga nan ya fito: hoton hannun Gwaggo riƙe da zangarniya. Shafin ya yi kyau, ba ƙarya. Ɗan kasuwan Libiya ya yi fushi ya fita da mutanensa, suka buɗe nasu shafin mai raƙumi. A kasuwar Gangara an ɗan yi mana shaguɓe, wani mahauci ya tambaye ni ko in kai wa ubangidana tsire, na yi kamar ban ji ba. Abin bai kai yadda na ji tsoro ba. Saƙonni suka yi ta zuwa, jikokinmu na waje suna cewa sun yi kuka, mutanen wasu garuruwa irin namu suna cewa labarinsu ne aka faɗa. Na kalli bidiyon nan ban san iyaka ba a kan tudu. Na yi alfahari. Na ce a raina, ashe abin da muka yi ta rufewa bai fi ƙarfin a faɗe shi ba.

Kwarin da Gwaggo ta ambata shi ne gonakinmu mafi kyau. Garin yana kan jigawa, ƙasa mai yashi da ta gaji, sai an yi da gaske take ba da abin da zai kai rani. Kwari kuwa yana riƙe ruwa, akwai gawo a ciki, hatsi ya yi, aya ta yi. Gidaje da yawa da shi suka dogara, amma mai babban rabo ɗan baffana ne, wanda nake kira ƙanena, shi da ƴaƴansa maza da iyalansu. Mutanen garin gabas sun daɗe suna cewa kwarin nasu ne. Su ma sun yi yawa, gonakinsu sun rarrabu har wani gadon bai fi shimfiɗar tabarmi ba. Duk ƴan shekaru sai su ta da maganar, a je gaban sarkin Gangara, su ce aro ne, mu ce kakanninmu suka sare dajin. A tambayi shaida, babu, duk waɗanda suka gani sun mutu. A sha ruwa a watse.

Kafin damina ta faɗi aka aiko kiranmu. Muka tafi da mai gari da ƙanena da ƴan dattawa, muna tsammanin irin na kullum ne. Aka zauna, aka yi gaisuwa, kowane ɓangare ya maimaita abin da ya saba faɗa. Sai wani magidanci daga cikinsu ya miƙe. Na san shi, na koyar da shi a aji, mutum ne mai ladabi. Ya durƙusa ya gai da sarki, ya juyo ya ce mini, "Mushe, a gafarce ni." Ya ciro waya ya haɗa ta da ƴar ƙaramar lasifika, ya ajiye a tsakiyar fada.

Muryar Gwaggo ta cika wurin. Ga shi nan aro, ku sare ku ci. Duk kaka baba shina ɗaukar dami guda a kai. Bai tsayar ba sai da aka ji maganar dabinon da dariyarta, wasu daga cikin fadawa har suka murmusa. Ni ina kallon ƙasa. Da na ɗago sai na ga ƙanena yana kallona, bakinsa a buɗe kaɗan, kamar wanda aka tasa daga barci.

Sarki ya tambaya muryar wa ce. Mai garinmu ya faɗa. Ya tambaya ko wani ya tilasta mata. Aka ce a'a. Ya tambaya wa ya fitar da maganar duniya ta ji, aka ce ƙungiyarmu ce, a shafinta. Ya tambaya ko tsohuwar tana cikin hankalinta. Ba mu iya cewa a'a ba, don duk wanda ke wurin ya san ta. Sarki ya ce to, a ba mu lokaci. In tsohuwa za ta dafa Alƙur'ani ta ce ruɗin tsufa ne, za a ajiye maganarta gefe.

Da la'asar ƙanena ya ce in raka shi wurinta. Ya zauna a bakin ƙofa, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana. Ya gaya mata abin da ya faru bai ƙara ba bai rage ba. Ta sa aka maimaita mata. Ta ce ita da jikanta ta yi hira, yaya aka yi maganar ta je fada? Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin shafi, na ga ba ta ji, ko kuma ta ji ba ta ga amfanin ji ba.

"Gwaggo," in ji ƙanena, "ba wani abu ba ne. Ki ce kin manta. Ki ce tsufa ne. Kowa na mantuwa."

"Ban manta ba."

"Na sani. Amma yaran nan, ina za su ci?"

Ta juyo da fuskarta wajensa.

"Ɗan ƙanena, ƙafata guda na cikin rami. Ka ce in dafa Littafi in yi ƙarya, in je in tarar da baba in ce mishi mi? Da na san inda za ta, da na haɗiye ta kamar yadda kowa ya haɗiye. Amma ta fita."

Bai ƙara roƙonta ba. Ya tashi ya sa hularsa, ya ce Allah shi ba mu haƙuri, ya fita. Ina jin ta tana kiran sunansa a hankali, bai juyo ba, ina tsammanin bai ji ba ne.

Hukuncin da aka yi sulhu aka kira shi. Jigawa da wurin da gari yake namu ne har abada, ba mai sake tayar da maganarsu. Kwari kuwa mu noma shi daminar nan, in an kwashe amfani ya koma hannun masu shi. Ba zan ce an zalunce mu ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da abin da bakinmu ya faɗa aka yi aiki. Mun kai maganar gaba, aka yi ta kai da kawowa, ba abin da ya canza.

A ranar da aka yi zaman farko na hau tudu na kira ɗan ƙanwata. Ya yi ta cewa, "Kawu, ban gane ba, sake faɗa." Da ya gane sai na ji numfashinsa ya canza. Kafin in sauko ya cire bidiyon daga shafi, amma a lokacin yana cikin wayar kowa, daga Gangara har Gazawa. Ya nemo lauya, ya yi ta kira, ya rubuta wa duk wanda yake ganin zai iya taimako. Ya roƙe ni in kai wa ƙanena waya ya ba shi haƙuri. Na kai. Ƙanena ya karɓa ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ba komai, ɗana, ba da nufi ka yi ba," ya miƙo mini ya ci gaba da gyaran kalmensa na noma.

Daminar ta yi kyau, kamar da gayya. Hatsin kwari ya fi na kowace shekara da na sani. Aka girbe shi ba waƙa, ba gayya, kowa da iyalinsa. Da aka kwashe dami na ƙarshe ƙanena ya koma shi kaɗai ya tsaya cikin kara har rana ta yi zafi, sannan ya dawo gida ya kwanta.

Ba wanda ya taɓa faɗa wa Gwaggo baƙar magana. Ana kai mata tuwo, ana gaishe ta. Amma gaisuwar ta koma ta tsaye daga bakin ƙofa, matan da mazansu suka rasa gona suka daina kawo jarirai. Ita ma ta rufe bakinta. In na je sai ta tambaya, "Akwai abin nan a aljihunka?" Sai na fita na ajiye wayar a kan turmi a tsakar gida kafin ta yarda in zauna. Ko na zauna ba ta wuce maganar zafi da ciwon ƙafa. Na taɓa tambayarta sunan kakar wani da ake neman sani saboda aure, abin da da take faɗa tun kafin ka rufe baki. Ta ce ba ta sani ba. Na san ta sani. Duk abin da ya saura a kanta na danginmu, wa ya haifi wa, wa ya zo daga ina, da shi ta tafi.

Da bazara ta rasu. Ƙanena na cikin waɗanda suka haƙa kabarin, shi ya shiga ya karɓe ta. A shafi aka sa hotonta, ta'aziyya ta yi ta zuwa daga ƙasashen da ba ta taɓa jin sunansu ba, ana kiranta uwar tarihinmu. Ban karanta wa kowa ba.

Bayan kaka na je wurin mai gari kan maganar taron shekara. Ya ce ba a ƙofarsa ba. Dattawa suka ce ƙungiya ta koma ta mutanen waje, su je su yi taronsu a cikin waya. Ban yi musu ba. Tun daga shekarar ba a sake zama ba.

Jigawa ba ta iya ɗaukar kowa. Babban ɗan ƙanena, magidanci mai mata da ƴaƴa, wanda bai taɓa zuwa ci-rani ba saboda noman aya na riƙe shi, shi ya fara tafiya Aljeriya. Ƙannensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, sai wasu gidajen. Duk wanda ya isa, wani zai saka lambarsa a zauren waya, a yi ta turo masa barka da zuwa, ana murna ƙungiya na ƙaruwa. Ɗan ƙanwata ya miƙa shafin ga wasu matasa a Yamai. Sun sake masa launi, suna shirin bikin al'ada a wani babban ɗakin taro, sun tambaye ni ko akwai tsofaffin da za a ɗauka su ba da labari. Na ce babu. Shi kuwa yakan kira ni da salla, mu gaisa a gajarce, ya tambayi lafiyar kowa ban da ƙanena, wanda ba ya iya ambata. Bai sake zuwa ba. Uwarsa ta ce ya daina faɗa wa mutane sunan garin.

Ƙanena ya tsufa a cikin shekarun nan fiye da ni da na girme shi. Yana noma ɗan abin da ya samu a jigawa, jikokinsa na gidansa, iyayensu maza ba sa nan. Muna salla sahu ɗaya, muna gaisawa. Bai taɓa cewa ni na kai baƙo ɗakin Gwaggo ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba.

Daminar bana babban ɗan nasa ya turo mini saƙon murya, ni kaɗai, ba a zaure ba. Ana jin ƙarar injin kwaɓa siminti a bayansa. Ya gaishe ni, ya tambayi babansa, ya tambaya ko an yi ruwa. Sai ya ce, "Baba, mi suka shuka a wurin namu?"

Ban bi ta kwari ba tun da aka miƙa shi, nakan zaga ta bayan maƙabarta in zan je kasuwa. Saboda shi na je. Riɗi suka shuka, sun sare gawo biyu daga gefen yamma, wata mata da ban sani ba tana cire ciyawa da goyo a bayanta. Ta gaishe ni, na amsa. Na hau tudu na gaya masa riɗi ne.

Ya turo ya ce, "Ya yi kyau?"

Na ce ya yi kyau. Alama ta nuna ya saurara. Na tsaya ina jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba, na sauko.